Fim Ɗin da Isufu Ya Ƙarasa Mana

Ran nan na bi ta Elm Street, a nan Greensboro ta Amurka, da tasi ɗina, sai na ga shagon nan da ake ba da hayar kaset-kaset na fim ya koma wurin shan kofi. An kwashe kantocin, an jera kujeru, samari da 'yan mata sun zauna kowa ya sunkuya kan kwamfutarsa, babu mai ce wa wani uffan. Na rage gudu ina kallo har na bayana ya dame ni da hon. Shagon ba wani abin a zo a gani ba ne, ɗan ƙarami ne mai warin tsohon kafet. Amma a cikinsa ne na yi abin da rabona da shi tun ina saurayi, wato na tsaya da farin gemuna a gaban wani Bature na yi fito. Tun da na ga an rufe shi abin yake ta dawo mini, shi ya sa na ce bari in zauna in faɗe shi tun kaina yana riƙe da shi.

A Damagaram ta ƙuruciyarmu, silima katanga huɗu ce babu rufi. An shafe bango ɗaya da farar ƙasa, a nan hoto yake fitowa. Masu hali suna baya a kan benci, mu kuwa muna gaba a kan rairayi, wuya a ɗage har ya ƙage. Kafin ka samu zuwa sai ka gama aikin gida kaf: ka cika randuna, ka yanko wa raguna ciyawa, ka share ƙofar gida, sannan ka sulale bayan sallar isha'i kamar ba kai ba. Har yau in na rufe ido ina jin ƙugin injin wuta daga bayan katanga, da ƙarar majigi tana taunar fim, da muryar mai gyaɗa da mai rake, da ihun da ake yi wa mai majigi in fim ya tsinke. Kakata ba ta son wurin ko kaɗan. Cewa take yi mutum mai hankali ba ya barin mutane ya je kallon inuwa. Abin da ta fi tsana kuma shi ne fito. In ta ji ɗayanmu ya tsuke baki, sai ta ce aljanu yake kira, in sun zo kuma shi zai ba su masauki. Yaran yanzu kowa da fim ɗinsa a ɗakinsa, ya tsayar, ya mayar baya, ya tashi ya ci abinci ya dawo. Mu namu sau ɗaya yake wucewa, wanda ya ƙifta ido ya yi asara.

Finafinan kaboyi da Faransanci suke zuwa mana, mu kuwa ba ma ji. Nan ne Isufu ya zama sarki. Abokina ne tun muna wasan ƙasa, gidansu na kallon namu. Ya yi shekara uku a lakwal, wato makarantar boko, kafin a gaji da surutunsa a sallame shi, saboda haka shi ne mai fassara. A tsakiya yake zama, mu kewaye shi. Sai daga baya na gane Faransancin nasa bai kai ya sayo gishiri ba, amma wa ya damu? In kaboyi ya buɗe baki ya faɗi kalma biyu, Isufu zai ba mu jimla goma, har da zagin uwa da kirari. Ko doki ya yi haniniya sai ya gaya mana abin da yake nufi. Ni Dogo yake kirana, yana cewa Allah ya ba ni tsawo ya hana ni baki, shi kuma ya ba shi baki ya hana shi tsawo.

Sai aka kawo wani fim da ya bambanta da duk waɗanda muka saba gani. Ba mu san sunansa ba, don babu mai karanta allon ƙofa a cikinmu, mu dai Mai Fito muka sa masa. Tun kafin hoto ya fito aka fara wani fito siriri mai tsawo, wanda ya sa duk silimar ta yi tsit, har mai rake ya daina kira. Sai ga wani baƙo da tsohuwar malafa, yana jan ramammen doki, ya shigo wani gari da wasu azzalumai suka ƙwace rijiyarsa. Kaboyin da muka sani masu tsabta ne, masu fara'a. Wannan kuwa gemunsa ya yi kwanaki bai ga aska ba, rigarsa duk datti, ba ya dariya, ba ya yawan magana, har Isufu ya rasa abin fassarawa ya koma gaya mana abin da mutumin yake tunani. Azzaluman suka kama shi suka yi masa dukan kawo wuƙa, suka jefar da shi bayan gari. Wata mata da suka kashe wa miji ta ba shi ruwa a ɓoye. Ya murmure, ya miƙe, ya dawo da tsakar rana, ya tsaya a bakin titin garin shi kaɗai, su bakwai suna can ɗaya bakin. Aka sake wannan fito. Hannunsa ya fara sauka a hankali wajen bindiga.

A daidai nan ɗigon farko ya faɗo mini a goshi. Duk cikinmu babu wanda ya lura hadari ya haɗu, don idonmu na kan bango. Kafin ka ce me, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, mai majigi ya kashe inji ya rufe kayansa da tamfol, bangon ya koma fari fat. Ruwan farko ne na shekarar, wanda dattawa suka yi makonni suna roƙo. Gari duka yana hamdala, mu kuwa muna tafe gida a jiƙe kamar an yi mana mutuwa. Da safe muka ruga silima, mai gadi ya ce an riga an ɗora fim ɗin a babbar mota, ya yi Maraɗi, don can ma ana jiransa. Haka ake yi a lokacin, fim ɗaya ne yake zagaya ƙasa, in ya wuce ka ya wuce ke nan.

Ranar ce Isufu ya ɓace. Kwana huɗu ana nemansa, uwarsa, wadda duk unguwa ke kira Inna, ta daina cin abinci. A na biyar ya dawo, wandonsa duk busasshiyar laka. Ubansa ya zane shi son ransa, amma da la'asar sai ga shi a gindin darbejiyar ƙofar gidansu, yana zaune a gefe ɗaya saboda ciwon bulala, ya ce ya bi fim har Maraɗi ya ga ƙarshensa. Unguwa ta taru, har da magidanta da suka tsaya daga nesa suna yi kamar iska suke sha. Ya ce Mai Fito ya kayar da shida, na bakwai ya durƙusa yana roƙo, ya yafe masa. Ya buɗe wa mutane rijiyarsu. Matar nan ta ce ya zauna, ya ce a'a, ya bar tsohuwa a gida. Ya hau dokinsa ya yi tafiyar kwana bakwai, ya isa garinsu ranar da aka yi ruwan farko. Uwarsa tana daka a tsakar gida, ta ji fito daga zaure, ta saki taɓarya ta ce wannan ɗana ne. Ya rataye bindiga a bango, ya ɗauki hauya, bai ƙara harbin kowa ba. Muka yi ta sa shi yana maimaitawa har aka kira magariba. Ko sau ɗaya bai zo mana a rai mu tambayi yadda aka yi uwar Bature take daka a turmi ba.

Fim ɗin bai sake dawowa garinmu ba, amma bai bar mu ba. Samari suka koma lanƙwasa bakin malafa, suna maƙala asuwaki a gefen baki, suna kanne ido in za su yi magana. Masu fentin manyan motoci suka riƙa zana shi a bayan mota. Yaro in ya yi faɗa ya yi nasara sai ya juya ya tafi a hankali ba waiwaye. Fito kuwa ya cika gari, kakata ta yi faɗa har ta gaji. Mu biyu kuma, ni da Isufu, a gindin darbejiyar nan muka ƙulla cewa wata rana sai mun je ƙasar da ake irin waɗannan maza. Ba zan ce fim ne ya kawo mu Amurka ba, neman abinci ne ya kawo mu, bayan mun yi aure mun yi 'ya'ya mun ga fari iri-iri. Amma da Isufu ya riga ni zuwa Greensboro ya aiko mini in taho, abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne titin nan da malafar nan.

Da na zo na tarar da gari kore shar, bishiyoyi ko'ina, ruwan sama ba ya jin kunyar kowane wata. Ni na kama tuƙin tasi, shi yana aiki a wani kamfanin kujeru. Mun fi shekara ba mu ga doki ba, sai wata Lahadi da muka bi ta McLeansville muka hango ɗaya a bayan shinge, an lulluɓe shi da bargo saboda sanyi. Isufu ya sa na tsaya. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, “Dogo, dokin Amurka ke nan? Wannan ai ko jakin Malam Habu na unguwarmu ya fi shi zuciya.” Muka yi dariya har da hawaye a bakin hanya.

Ciwon suga ne ya fara cin idonsa, sannan ya sauka ƙoda. Sau uku a mako ake yi masa wankin ƙoda, ni nake kai shi in ɗauko shi. Ya so ƙwarai ya koma gida, ya ce ko ba zai ga Damagaram ba ya shaƙi iskarta. Likita ya ce jikinsa ba zai ɗauki tafiyar ba. Ranar da aka gaya masa haka bai yi magana a mota ba, abin da ban taɓa gani ba tun da na san shi. Mun kusa gida sai na ji ya tsuke baki yana wannan fito a hankali.

“Dogo,” ya ce, “ka nemo mini Mai Fito.”

Na ce, “Alhaji, makaho da kallon fim? Ka bari mutane su ji.”

“Kai ne idon. Shekara nawa ina ba ka labari kana buɗe baki kamar ƙofar gareji? Yanzu layinka ne.”

Haka na shiga neman fim ɗin da ban san sunansa ba. Na je shaguna uku, yaran da ke ciki suna tambayata suna, ina cewa akwai malafa akwai doki, suna nuna mini kanta guda cike da malafa da doki. A na huɗu, wannan na Elm Street, na tarar da wani tsohon Bature mai tabarau. Na yi bayani da Turancina na tasi, ya saurara da haƙuri, ya girgiza kai. Na juya zan fita, sai na tuna Isufu yana zaune yana jira. Na duba hagu na duba dama, na ce a raina Allah ya jiƙan kakata ya sa ba ta gani, na tsuke baki. Da farko iska ce kawai ta fito, don haƙoran ba su cika ba. A karo na biyu fiton ya fito. Ban kai rabi ba tsohon ya ɗaga yatsa ya karɓe, ya ƙarasa shi tsaf, mu biyu tsofaffi muna fito a shago da rana tsaka. Ya shiga ciki ya fito da kaset.

Shi ne ya gaya mini abin da ya kusa zaunar da ni a ƙasa. Ya ce fim ɗin ba na Amurka ba ne, mutanen Italiya ne suka yi shi, a can Turai aka ɗauke shi, yawancin waɗanda ke ciki ba su taɓa taka Amurka ba. Ya ce da ya fito manya sun raina shi, amma yanzu masu yin fim a nan suna ta kwaikwayonsa, har akwai masu taruwa musamman don su kalle shi. Na ce masa to mu ma mun taru, mun fi su yawa, a kan rairayi. A mota na yi ta dariya ni kaɗai. Ashe Amurkar da muka yi shekaru muna mafarki, wasu ne can suka zauna suka yi mafarkinta kafin mu. Na kira matar Isufu, Hajiya Mariyama, na ce ta gaya masa an samu, ranar Lahadi ina tafe.

Da na yi haƙuri da ban kalla ni kaɗai ba, amma na kasa. Washegari da hantsi na sa shi a gida, wai don in shirya bakina. Komai yana nan yadda na bar shi: malafar, rijiyar, matar, titin. Hannunsa ya sauka wajen bindiga, har na ɗaga kai ina jiran ɗigon ruwa. Ya kayar da su bakwai ɗin duka, bai yafe wa kowa ba. Amma harsashi ɗaya ya same shi a ciki. Ya hau doki da ƙyar, ya fita gari, babu wanda ya bi shi ko ya ce masa sannu. Can cikin daji ya zame ya faɗi, dokin ya ci gaba shi kaɗai. Babu uwa, babu turmi, babu ruwan farko. Na zauna ina kallon talabijin. Da farko haushi ne ya kama ni, shekara arba'in da wani abu gajeren nan yana raina mana hankali. Daga baya haushin ya tafi, tsoro ya zo. Mutumin da likita ya ce ba zai koma gida ba, ni ne zan zauna in gaya masa cewa Mai Fito ma a daji ya mutu, ba kowa a kansa?

Ranar Lahadi bayan azahar na je. Hajiya ta dama fura, 'yarsu Rabi, wadda take aikin jinya, ta haɗa na'urar ta zauna a hannun kujera. Tun tana ƙarama aka kawo ta, in ka yi mata Hausa da Turanci take amsawa. Isufu ya sa an ɗauko masa hularsa ta Juma'a. Da fiton ya tashi sai ya kama hannuna ya matse. Na fara ba da labari, yana gyara mini. “Ba haka ya ce ba, Dogo. Cewa ya yi, duk wanda ya sha nonon uwarsa ya fito.” Na ce to, haka ya ce. Muka tafi a haka har titi, har harbi. Da mutumin ya hau doki yana riƙe da ciki, sai na dubi Isufu. Na ce, “Ya yafe wa na bakwai. Ga shi ya hau, ya kama hanyar gida.”

Rabi ta dube ni ta dubi talabijin. “Tonton,” ta ce, haka take kirana, wato kawu, “but ai ya...” Uwarta ta dafa mata gwiwa.

Na ci gaba, ina cewa ga shi yana tafe, ga hadari ya haɗu a gabas. A talabijin kuwa mutumin ya riga ya faɗi. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar kofato. Isufu ya karkata kunne.

“Dogo, dokin nan ba kowa a kansa.”

Na juyo na dube shi.

“Na yi kiwon dokin kawuna, na san tafiyar dokin da aka hau.” Ya yi ɗan murmushi. “Ya mutu ko?”

Na ce, “Ya mutu, Alhaji.”

Ya gyaɗa kai. Sannan ya ce, “Ban je Maraɗi ba. Kamiyon da na hau, babbar motar kaya, ya maƙale a laka tun kafin Tasawa. Kwana biyu muna turi, na juyo a ƙasa. Ina tafe ina tunanin me zan gaya muku. Na ga mutumin nan tun farkon fim ba shi da kowa, ba mai kiran sunansa. Na ce wallahi ba zan bar shi a titi ba.” Ya juyo da fuskarsa wajena, idon nan fari ba ya ganin komai. “Duk shekarun nan ina so in san yadda ya ƙare. To na sani. Nasu bai yi ba. Ci gaba, Dogo, ka kai shi gida.”

Kaset ya ƙare, talabijin ta koma shuɗiya, babu wanda ya tashi ya kashe. Ni da aka ce an hana ni baki, ranar na samu baki. Na ɗora shi a doki na biyo da shi ta hanyar Tasawa, na shigo da shi gari ta wajen tasha, na wuce da shi ta gaban silima da kasuwa, mai rake yana kira. Na karya kwana ta lungun masallaci inda akuyoyi suke kwanciya. Na tsayar da shi a gindin darbejiya ya ɗaure doki. Na ce ƙasa tana ƙamshin ruwan farko, daga cikin gida ana jin daka. Ya shiga zaure ya tsuke baki. Nan na tsaya.

Sai Rabi ta ce, da Hausa, a hankali, “Sai Inna ta ce masa me?”

Isufu ne ya amsa mata, hawaye na bin gefen hancinsa. “Ta ce, ka dawo? Wanke hannu, tuwo ya kusa.”

Bai kai ƙarshen shekarar ba. A nan muka binne shi, cikin jar ƙasar Carolina, ni na sauka na karɓe shi. Har yau ina kewarsa, kewar da ba ta raguwa, musamman in na tsaya a danja babu fasinja, na ji motar ta yi shiru da yawa.

Kaset ɗin kuwa, washegarin Lahadin nan na mayar. Tsohon mai tabarau ya gane ni, ya tambaye ni ko fim ɗin yana nan yadda na tuna shi. Na ajiye masa a kan kanta na ce yana nan, sai dai nasu bai cika ba, an yanke ƙarshen.